Ƙwaya a Ƙarƙashin Harshe

Na'urar awon jini ta matse masa damtse har sai da ya ji jini na bugawa a 'yan yatsunsa, sannan ta yi ɗan gurnani ta fara sakinsa a hankali. Agogo bai dubi gilashinta ba. Fuskar matarsa ya duba, domin ita ke riƙe da abin a cinyarta, kuma fuskarta ta fi lambobin saurin ba da labari.

"Nawa?"

"Ɗari da tamanin a kan ɗari da takwas."

"A karkace kika ɗaura."

"To."

Ba ta yi musu ba. Ta kwance ɗamarar, ta naɗe masa hannun riga, ta sake ɗaurawa yadda babbar 'yarsu ta koya musu ranar da ta kawo na'urar daga kantin maganin da take aiki: a jingina baya, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana, ba motsi. Ya zauna kamar wanda za a ɗauka hoto. A tsakar gida famfo na ɗiga cikin bokiti. Na'urar ta sake matsawa, ta sake saki.

"Ɗari da saba'in da takwas," in ji ta. "Ka ga ta rage maka biyu. Sai ka yi mata godiya."

"Maman yara, yau ba ranar wasa ba ce."

"Na sani. Ranar wanka ce, ga cibi a waje."

Sau ɗaya a shekara kamfanin bas ɗin da yake wa tuƙi yake tara direbobinsa a ɗakin likita. Dokar ba ta da kwana-kwana: wanda awonsa ya haura ɗari da sittin a kan ɗari, za a karɓi makullinsa. Cewa ake na ɗan lokaci ne. Cikin waɗanda aka karɓe wa, Agogo bai taɓa ganin wanda aka mayar wa ba.

Ya jawo durowa ya ɗauko maganinsa. Iri biyu likita ta rubuta masa tun bara, wata 'yar fara da wata mai ruwan ƙwai wadda ke sa fitsari. Katin farar an ɓalle kusan rabi. Na mai ruwan ƙwan kuwa yana nan kamar yau aka sayo shi.

A ganinsa wannan ba taurin kai ba ne. Hanyarsa doguwa ce, daga wannan birni zuwa wancan, kuma tsayawa ɗaya tak kamfani ya yarda da ita, a tsakiyar tafiya. Sunan Agogo ma a kan hanyar ya samo shi, don masu shaguna a bakin titi sukan ce in motarsa ta wuce ba sai sun duba lokaci ba. Makon da ya fara shan mai ruwan ƙwan, sai ga Agogo yana faka bas maƙil da mutane a gefen kwalta yana rugawa bayan bishiya, fasinjoji na leƙensa ta taga. Wata mata ta ɗaga murya ta ce a ɗaura wa direba kunzugu kowa ya huta. Daga ranar ya bar ƙwayar sai ranar hutu. Ranar hutun kuma jiki bai ce masa komai ba, sai ya riƙa mantawa, har mantuwar ta shafi farar ma.

Ya ɓallo fara biyu, mai ruwan ƙwai biyu, ya tara a tafin hannu.

"Likita ta ce in na jiya ya wuce, ya wuce," in ji matarsa. "Ba a haɗa shi da na yau."

"Likita ba ta taɓa riƙe sitiyari ba."

"Kai ma ba ka taɓa riƙe allura ba."

Ya watsa su a baki ya kora da ragowar shayin da ya huce. Ta naɗe ɗamarar, ta cusa na'urar cikin jakarsa, ta ɗora gorar ruwa a kai.

"Ruwan na sha ne," ta ce, "ba na lagireto ba."

A ƙofar kamfani, mutumin da ya ɗaga masa ƙarfen shiga shi ne wanda ake kira Tirela. Bara warhaka Tirela ke jan babbar motar dare, in ya yi tsawa 'yan kwandasta na neman wurin ɓuya. Yanzu yana sanye da hular gadi wadda ta yi masa kaɗan, yana ɗaga wa yaran da ya koya wa tuƙi ƙarfe, yana sara musu.

"Agogo sarkin lokaci. Yau ne naku ko?"

"Yau ne."

"Allah ya ba da sa'a." Ya saki igiyar ƙarfen. "In an ƙi, kujera ta biyu na nan. Inuwar ba laifi."

Agogo ya wuce ciki.

Barandar ɗakin likita ta cika da direbobi, kowa ya tuɓe rigar sama ya rataya a kafaɗa. Ba mai shan taba, ba mai shan shayi, har waɗanda ba su iya magana sai da ihu yau a hankali suke yi, kamar a gidan makoki. A ƙarshen benci ya hango kwandastansa, ƙanin matarsa, mutum mai tumbi da furfura a gemu, wanda duk tasha ta sani da Canji saboda bai taɓa samun canji a aljihunsa ba. Ba a auna kwandastoci. Rakiya ya zo.

"Yaya, wannan fuska fa? Kamar an ce maka an sayar da motar."

"Matsa min."

"Yayata ta kira ni tun da sassafe, wai in sa maka ido. Na ce mata ido biyu gare ni, ɗaya na tikiti, ɗaya na masu gudu ba su biya ba. Ta ce to in ranto na uku." Ya rage murya. "Nawa ta nuna?"

Agogo ya gaya masa. Canji ya yi ɗan fito ta tsakanin haƙora, bai sake yin wasa ba.

Layin na tafiya a hankali. Mai ruwan ƙwan ta fara aikinta, Agogo ya tashi zuwa banɗaki, ya dawo, bai daɗe ba ya sake tashi. A karo na gaba ya tafi da jakarsa. Ya rufe ƙofa, ya zauna a kan murfin masai, ya ɗaura na'urar da hannu ɗaya da taimakon haƙori, ya toshe gurnaninta da rigarsa. Ɗari da sittin da shida a kan ɗari. Ta sauka, amma ba ta shiga gida ba. Mutum kaɗan suka rage a gabansa.

Da ya fito sai ya tarar da Dakta yana bin layi. Dakta tsohon direba ne wanda duk iliminsa na likita bai wuce jinyar surukarsa da ya taɓa yi a asibiti ba. Kowace shekara ranar awo yakan zo da wata 'yar takarda a ninke cikin hularsa, a ciki akwai jajayen ƙwayoyi masu taushi. A fasa ɗaya da haƙori, a bar ruwan a ƙarƙashin harshe, kafin a kira sunanka jini ya kwanta kamar an yi masa wanka. Kowa ya sani, kuma ba wanda ya sani. Rabin mutanen da ke kan bencin bakinsu a rufe yake gam, suna kallon rufi. Agogo bai taɓa karɓa ba. Yakan ce wannan aikin masu tuƙi da lasin aro ne.

Dakta ya zo gabansa zai wuce kamar kullum. Canji ya kama masa gefen riga.

"Tsaya mana. Yau da baƙo."

Dakta ya dubi Agogo, ya yi murmushin wanda ya daɗe yana jira. "Ashe agogo ma na neman batir. Ka sha wani abu da safe?"

"Shayi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ƙwayar ta fashe da ɗaci mai kama da ƙarfe. Ya rufe baki ya shiga sahun masu kallon rufi. Ba a jima ba ya ji fuskarsa ta ɗauki zafi, kunnuwansa kamar an kara su a wuta, zuciyarsa na sukuwa. Canji ya ce haka take yi, alamar ta kama ke nan.

Likitar ba ta girmi 'yarsa da yawa ba, mace mai gilashi, marar ɓata lokaci. Ta ɗaura masa tata ɗamarar, ta jira, ta duba. Ta sake aunawa a ɗaya hannun.

"Ɗari da ashirin da huɗu a kan saba'in da takwas. Baba, wannan ai awon saurayi ne. Kana shan maganin?"

"Kullum, Likita."

"Har mai sa fitsarin? Direbobi ba sa son shi."

"Har shi."

Ta ɗora yatsu a wuyan hannunsa, tana kallon fuskarsa ta saman gilashi. "Zuciyarka na gudu. Kuma ka yi ja."

"Tsoron allura ne."

"Ba allura yau."

"Jikin bai sani ba."

Ta tsaya da biro a hannu. A waje wani ya yi tari, layi na jira. Ta ce in maganin fitsarin na takura masa a hanya ya faɗa, akwai wani da za a iya canja masa, ba abin kunya ba ne. Bakinsa ya buɗe kaɗan. Bai taɓa sanin ana canjawa ba. Amma wanda ya ce kullum, ba ya dawowa ya ce wani abu dabam, sai ya rufe bakin.

"Ba ya takura min."

"To madalla. A rage gishiri, a riƙa shan ruwa, a riƙa aunawa a gida safe da yamma. In ka ji jiri ko ganinka ya dushe, ko a ina kake, ka sauka daga kan sitiyari. Ka ji?"

"Na ji."

Ta sa hannu, ta buga hatimi. A baranda Canji ya karɓi takardar ya sumbace ta, ya ɗaga wa Dakta babban yatsa.

Rana ta take lokacin da suka fara lodi. Agogo ya zagaya motar kamar yadda ya saba, ya bubbuga tayoyi, ya duba mai da ruwa. Da ya sunkuya duba ƙarƙashi ya ɗago, sai tashar ta yi wani ɗan lilo ta dawo daidai. Ya dafa jikin motar har ta tsaya. Yunwa ce, ya ce a ransa. Ya shiga banɗakin tasha karo na ƙarshe, ya hau kujerarsa. Gorar ruwan ya tura ta ƙarƙashin kujera. Direban doguwar hanya ba ya shan ruwa kafin tashi, balle yau da mararsa ke cika da kanta.

Motar ta cika: 'yan kasuwa da buhunansu, ɗalibai masu komawa makaranta, wani mutum da ƙafa a naɗe cikin filasta, mata da goyo. A kujerar da ke bayansa wata dattijuwa 'yar kasuwa ta zauna, ta rungume jakarta, ta fara ba shi umarni tun kafin ya tayar da inji.

"Direba, ban da gudu. Ban kuma ce ka yi rarrafe ba."

"To, Inna."

Cikin gari bai ji komai ba sai ciwon kai. Cunkoso, danja, 'yan babur masu kutsawa ta ko'ina, duk waɗannan hannunsa da ƙafarsa sun san su ba sai ya yi tunani ba. Suka fita gari, gidaje suka ragu, kwalta ta miƙe. Ya sa babbar giya. Canji ya gama karɓar tikiti da rigimar canjinsa, ya zo ya zauna a kan matakalar ƙofa yana ba shi labarin wani maƙwabcinsa da ya sayi akuya mai ciki ashe kumburi ne.

Hamma ce ta fara zuwa. Ɗaya, sai wata, sai wata, irin mai tsage muƙamuƙi. Sai gumi mai sanyi ya keto masa a goshi da bayan wuya, alhali iska na shigowa ta taga. Muryar Canji ta ja baya, kamar daga cikin rijiya yake magana. Agogo ya gyara zama, ya ciji leɓe, ya ƙara buɗe taga. Ya san jirin hawan jini, ya taɓa yi masa sau ɗaya, nauyi ne a ƙeya. Wannan dabam ne. Wannan kamar ana zare masa wani abu ne ta tafin ƙafa.

Ya san hanyar kamar tafin hannunsa. Nan gaba kaɗan akwai doguwar gangara, a ƙasanta kwana, bayan kwanar siririyar gada. Daga gadar zuwa wurin tsayawar kamfani ba nisa. In ya kai can zai sha ruwa, ya ci wani abu, ya kwanta a benci. Abin da ya rage kawai ya kai.

Gefen ganinsa ya fara duhu, kamar ana jawo labule daga dama da hagu. Farin layin tsakiyar titi ya rabu biyu. Ya zaɓi ɗaya ya bi.

Ƙarar hon ce ta dawo da shi. Wata tankar mai ta cika gilashin gaba, fitilunta na walƙiya da rana tsaka, kuma hannun Canji na kan sitiyari yana fizgarsa dama. Tankar ta wuce da iskar da ta girgiza motar duka. A baya buhu ya faɗo, yaro ya tsala kuka, mata suka ɗauki salati.

"Yaya," in ji Canji a hankali, bai saki sitiyarin ba. "Yaya, kana nan?"

Agogo ya damƙi sitiyarin. Ya ɗora ƙafa a birki, ƙafar kamar ta aro. Ya rage giya, ya sake ragewa, ya gangara gefen hanya kan tsakuwa, ya ja birkin hannu, ya kashe inji. Daga inda suka tsaya ana hango bakin gangarar, inda kwalta ke nutsewa ta ɓace.

Canji ya riga kowa magana. Ya juya ga fasinjoji da fara'ar da ya saba ba su in babu canji.

"Jama'a, a yi haƙuri, inji ne ya yi zafi. Kowa ya sauka ya miƙe ƙafa, yanzu za mu tashi."

Aka sauka ana gunaguni. Wani ɗalibi ya ce tun daga tasha ya ji ƙauri. Mai filasta ya ce shi ba inda zai je, a bar shi a kujerarsa. Canji ya zagaya baya ya ɗaga murfin inji, ya yi 'yan ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashe don a ji, sannan ya dawo ya kamo Agogo ya sauko da shi ta ƙofar direba, ɓangaren da ba mutane. Ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Ya zame ya zauna a inuwar motar, bayansa a jikin taya.

"Jakata," ya ce.

Canji ne ya ɗaura masa, a karkace. Na'urar ta matsa, ta saki, ta nuna wata alama, ta ƙi ba da lamba. Suka sake. Tamanin da huɗu a kan hamsin.

"To ai ya sauka," in ji Canji. "Ba abin da ake nema ke nan ba?"

"Kira min babbar 'yata."

'Yarsa ta ɗauka a bugu na biyu, ana jin hayaniyar kanti a bayanta. Ya gaya mata lambar. Hayaniyar ta yanke, alamar ta shige ɗakin ajiya ta rufe ƙofa.

"Baba, kana ina?"

"A hanya."

"A kan sitiyari?"

"A ƙasa."

"Me da me ka sha?"

Ya lissafa mata. Da ya zo kan jar ƙwayar, ta katse shi.

"Baba, ka kwanta yanzu. A ɗaga maka ƙafafu a kan wani abu. Ka sha ruwa kaɗan-kaɗan, kada ka miƙe tsaye. Kawu na kusa? Ya nemi motar da za ta kai ka asibiti mafi kusa, a nuna musu katin maganin, a gaya musu har jar."

"In na huta zai wuce."

"Ba zai wuce yanzu ba. Farar da ka sha biyu a hankali take aiki, sai can da yamma take kai ƙarfinta. Ba ta ma gama shiga jikinka ba." Ta sassauta murya. "Ban taɓa ce maka kada ka yi abu ba, Baba. Kada ka sake hawa kujerar nan yau."

"Kada ki gaya wa mamanku."

"Ita ta fara kirana, tun ka fita."

Canji ya kwantar da shi a kan kwali, ya jawo buhun wani fasinja ya ɗora masa ƙafafu, ya ciro gorar ruwan daga ƙarƙashin kujera. Ruwan ya yi ɗumi. Agogo ya kurɓa, duhun ya ɗan ja baya, sararin sama ya koma guda ɗaya.

Dattijuwar nan ta zagayo ta gaban motar, jakarta a hammata. Ta tsaya ta dube su, ta dubi na'urar da ke kan tsakuwa.

"Na tsufa a cikin mota," ta ce, "amma ban taɓa ganin inji ya yi zafi an ɗaga ƙafar direba ba."

"Inna, hutawa yake yi kafin injin ya huce," in ji Canji.

"Uhm." Ta kwance bakin zaninta ta ciro 'yar ƙullin gishiri da take tafiya da shi, ta ajiye kusa da gorar, ta koma wajen sauran. Ba ta gaya musu abin da ta gani ba. Agogo ya ji tana faɗa wa wani yaro ya bar wasa a bakin titi.

Canji ya tsuguna dab da kunnensa.

"Saurara, Yaya. Yanzun nan Manaja zai kira, na'urar ofis ta nuna masa mun tsaya. Inji ne. Na riga na zare wata wayar inji a baya, ko bakanike ya zo sai ya yi nema. Za su aiko mana da wata mota, yaron gareji zai kawo ta ya zauna da wannan. Kafin ta iso ka sha ruwa, ka lashi gishirin nan, ka warware. Mu kwashe mutanenmu mu wuce. Takardarka na aljihuna, da hatimi da komai."

"Ka ji abin da yarinyar ta ce."

"Yarinya ce, tsoro ta ji. Gangara ɗaya ce fa. Ka sauke ta ido rufe ya fi sau dubu. Ina gefenka, hannuna na kusa." Ya share gumi da hularsa. "In ka ce kai ne, ka san sauran. Za a tambayi yadda aka yi awon safe ya yi kyau. Daga nan sai Dakta, sai duk wanda ya zauna a bencin nan. Kai kuma sai kusa da Tirela. Ni a haɗa ni da wani ɗan tsako mai gudun mutuwa. Garin gyaran gira kada mu rasa ido, Yaya."

Agogo ya dubi ƙofar direba. Ya sauke ƙafafunsa daga kan buhun. Ya dafa taya, ya yunƙura ya zauna. Ya jira. Ya kama ƙarfen ƙofa ya miƙe a hankali, kamar yadda ake ɗaga tulu cike. Ya tsaya da ƙafafunsa. Canji ya fara murmushi.

Daga nan yana ganin kujerarsa ta buɗaɗɗiyar ƙofa, matashin da ya lotsa daidai jikinsa, makulli na lilo a gindin sitiyari. Ya ɗaga ƙafa zai taka matakala. Labulen ya sake jawowa daga dama da hagu, wannan karon da sauri, har matakalar ta ɓace. Bai faɗi ba, don Canji ya tare shi da tumbinsa, ya mayar da shi kan kwalin.

Wayar ta fara ruri a kan tsakuwa. Sunan Manaja ne a jiki.

Canji ya miƙa hannu. Agogo ya riga shi.

"Agogo, me ke faruwa?" Muryar Manaja na tafe da ƙarar fanka da ta takardu. "Na ga kun tsaya a inda ba tasha. Me ya sami motar?"

Canji ya haɗa tafukansa biyu, yana nuna bayan motar da haɓa, bakinsa na faɗin inji, inji, ba sauti. Ta ƙarƙashin motar Agogo na ganin ƙafafun fasinjojinsa a ɗaya ɓangaren, takalma da silifa, suna kai da komo a kan tsakuwa.

"Ba abin da ya sami motar, ranka ya daɗe. Lafiyarta ƙalau. Direba za a aiko."

"Direba? Kai fa?"

"Ni asibiti zan je."

"Wane irin asibiti? Ga sakamakon likita a gabana yanzu aka kawo. Awonka ya fi na kowa kyau yau."

"Haka ne."

"To me ya faru?"

"In na dawo zan yi bayani." Ya haɗiye yawu, harshensa har yanzu da ɗacin ƙarfe. "Ranka ya daɗe, wanda za a aiko ɗin, a duba cikin waɗanda ba a auna yau ba."

Agogo ya ajiye wayar a ƙirjinsa, ya mayar da ƙafafunsa kan buhun da kansa.

Canji ya daɗe a tsugune yana kallon ƙasa. Can ya miƙe, ya karkaɗe gwiwoyinsa, ya laluba aljihu ya ciro guntuwar wayar da ya zare, ya nufi bayan motar.